Ƙyauren Kirya a Bangon Laka

Lokacin da nake magana a kai, Nasara ba su daɗe da zuwa ba, jirgin ƙasa kuma bai iso Gusau ba tukuna. Garinmu yana tsakanin Bungudu da duwatsun Kwatarkwashi, kuma a duk faɗinsa ƙyauren itace a masallaci yake, sai turakar maigari. Sauranmu tufaniya muke da ita, karan dawa ne a ɗaure da igiyar rama, ka jingina a bakin ɗaki ka tokare da sanda. Idan mutum zai yi nisa sai ya gicciya reshen ƙaya a kanta. Akuya ba ta san wannan ƙayar ba, amma mutum ya san ta, kuma ban taɓa jin wanda ya ɗage ta wani ba.

Da Baba ya rasu ya bar mini gona a tudu, da lambu a bakin gulbi daidai ƙasan gonar, da ɗan ɗakin laka a cikin lambun inda muke ajiye albasa da guga da fartanya. Ya bar mini irin geronsa kuma, mai gajeriyar zangarniya, wanda ke riga na kowa nuna. Ga yadda al'adar gona take a wajenmu: idan damina ta faɗi ba ka shuka ba, maigari ba zai bar ƙasa kwance ba, zai ba wanda ke da iri aro. Aro ake cewa, don a sanyaya maka rai. Ni dai har na tsufa ban ga gonar da aka ba da aronta ta dawo ba.

A shekarar da nake faɗi ruwa ya ɗauke gero yana cikin bunni, bai kai ga yin ƙwaya ba. Muka yi roƙon ruwa har goshinmu ya yi baƙi, hadari ya taso ya zagaye mu ya wuce. Abin da na girbe, in da a shekarar kirki ne, ko kallonsa ba zan yi ba. Na tsince zangarniyoyin da suka cika na ɗaure su daban, na ce wannan iri ne, ba a taɓa shi. Sauran na zuba a rumbu, kuma duk wanda ya leƙa ya san ba zai kai mu bazara ba.

A gidan ni ne, da maiɗakina, da ɗiyarmu da ba a daɗe da yaye ta ba, sai Inna da ta haife ni. Na san kaina sarai. Ina da faɗa, ina da baki, amma idan yarinyar nan ta buɗe murya da kuka ba na iya daurewa. Na san muddin irin yana cikin gida, ranar da rumbu ya ƙare ni da hannuna zan miƙa shi a daka. Shi ya sa na yanke shawarar in kai shi ɗakin lambu, inda ba na jin kukan. To amma ɗakin lambu tufaniya ce a bakinsa, awaki na ture ta, birai kuma sun fara saukowa daga dutse saboda su ma yunwar ta same su. Sai na ce zan yi ƙyaure.

Inna tana kaɗin auduga na gaya mata. Ba ta ɗago ba.

"Ƙyaure? Kai maigari ne ko liman?"

"Iri zan ɓoye, Inna."

"Wanga ba ɓoyo ba ne, shela ce. Ka sa shi cikin tsohuwar tukunya ka yi shiru."

Na ce tukunya a gida take, gidan kuwa shi nake gudu. Ta ce to, in yi abin da na ga dama, dama tun ina goye ba na jin magana.

Akwai wata kirya da iska ta kayar tun zamanin Baba, a kan hanyar Ruwan Bore, ta bushe ƙayau. Wanda bai taɓa sa gatari a busasshiyar kirya ba ba zai gane ba. Ka sara, gatarin ya dawo maka har haƙoranka su amsa. Ni ba masassaƙi ba ne, ba mu gaji sassaƙa ba, gizago ma ara na yi. Na datse gungumen daidai tsayin ƙofar, na riƙa kafa guntayen itace masu tsini a tsagar ina bugawa har ya rabe. Tsagar farko ta karkace ta lalace, na zage ta tas kamar tana ji. Ta biyun ta ba ni fallaye masu kyau. Daga nan sai sassaƙa, kullum da safe bayan na gama ban ruwa, ina zaune na tokare fallen da ƙafa ina ɗauke masa kauri kaɗan-kaɗan. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. A lokacin mun riga mun koma cin abinci sau ɗaya, sai in ɗaga gizagon in ga duhu-duhu, in dakata har ya wuce.

Amma zan faɗi gaskiya, na ji daɗin aikin nan. A duk shekarar shi kaɗai ne abin da na sa hannu a kai ya amsa mini. Gona ta ƙi, lambu rabinsa ya ƙone domin ruwan gulbi ya shige ƙarƙashin yashi sai an tona, amma itacen nan idan na sassaƙe shi yau, gobe zan tarar da shi yadda na bar shi.

Guntayen kiryar na kwashe na kai wa maƙerin garinmu, domin gawayinta yake so, shi kuma ya ƙera mini ɗamarar ƙarfe da ƙusoshi masu faɗin kai. Ƙusa ba ta shiga kirya haka nan, sai na riƙa sa ƙarfe a wuta ina huda ramin tukuna, hayaƙi na shiga mini ido. A fallen gefe na bar tsini sama da ƙasa, su ne ƙafafun da ƙyauren zai juya a kai. Na ƙasan na zaunar da shi a gindin wani tsohon turmi da na binne a dokin ƙofa, na saman ya shige cikin azara. Kuba kuwa sai da na je kasuwar Gusau, na ba da albasata mafi kyau na karɓo.

Ranar kafawa ni kaɗai na kasa ɗaga shi, sai na kira ƙanen Baba, wanda gidansa ke jikin namu. Dattijo ne mai sanyin hali, shi ya tsaya mini a aurena. Muka ɗaga tare yana nishi, ƙyauren ya zauna daram. Na tura shi da yatsa ya tafi, na jawo ya dawo ya rufe ruf, ko tsinke ba zai shiga ba. Dattijon ya shafa shi, ya shafa ƙusoshin, ya ce, "Madalla, ɗana. Ya yi kyau." Sannan ya ce, "Mi za ka sa ciki haka?"

Na ce albasa. Ya dube ni, na dubi ƙasa.

Saura mabuɗi. Idan yana wuyana, to me na yi? Ina da aboki Bafillace, tun muna yara muke tare, shanunsu ne ke kwana a gonarmu bayan girbi suna bar mana taki. A shekarar nan ciyawa ta ƙare da wuri, suna shirin yin kudu, can bayan Tsafe. Na same shi a ruga na ba shi mabuɗin, na ce kada ya ba kowa, ko ni na biyo shi ina kuka kada ya ba ni, sai ranar da ruwan shuka ya sauka.

Ya juya shi a hannu yana dariya. "Kaɗo, kai da ba ka da saniya ko ɗaya, mi kake kullewa?"

"Gonar Baba nake kullewa."

Dariyar ta tsaya. Ya zare igiyar layar da ke wuyansa ya zura mabuɗin, ya mayar cikin riga. Ya ce amana ce, ranar ruwa zan gan shi.

Ba a yi nisa ba na gane abin da Inna take nufi. Hanyar da mata ke bi su tono ruwa a gulbi ta gefen lambuna ta wuce. Ɗakin nan tun ina yaro yake wurin, ba wanda ya taɓa waiwayarsa. Yanzu kowa ya zo sai ya rage tafiya. Yara suna zuwa su taɓa ƙusoshin. A bakin masallaci na ji ana cewa ai ba a yi wa albasa kuba. Kafin sanyi ya wuce, labarin ya girma ya fi ɗakin: wai rumbu guda na kwashe na kai can, wai har da dawa.

A jikin lambuna akwai na wani maƙwabci, shi ma da ɗan ɗakinsa, da wata ruɓaɓɓiyar tufaniya da gara ta cinye gindinta, da reshen ƙaya a gicciye. Mutumin nan kullum shi ne mai fara yi mini ba'a. Idan ya hango ni sai ya ce, "Sannu, sarkin ƙofa." Ni kuma in ce ya gyara tasa kafin ta faɗo masa a ka. Ku riƙe wannan ɗakin nasa, zan dawo kansa.

Da bazara ta shigo, yunwa ta zauna sosai. Mata suka koma tonon gidan tururuwa suna kwashe ƙwayar da ta tara, ana sussukar ƙarangiya, ana dafa ganyen da ko akuya a da ba ta ci. Sai aka fara zuwa wurina. Ba wanda ya zo da gatari, ba wanda ya taɓa ƙyauren. Da sallama suke zuwa, su zauna, a gaisa, a tambayi iyali, sannan mutum ya sunkuyar da kai ya ce ko ɗan abin da za a dama wa yara. A wajenmu idan mutum ya zo har ƙofarka ya buɗe baki ya roƙa, alhali ya san kana da shi, ba a cewa babu. Ni kuwa ina da amsa a shirye: mabuɗi ba ya hannuna, yana kudu a wuyan Bafillace. Gaskiya ce tsantsa, amma da na faɗe ta sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Suka daina zuwa. Suka daina gaishe ni kuma. A masallaci sai in ga gefena ya yi fili. Ni da nake da baki, na rasa wanda zan yi wa faɗa, domin ba wanda ya ce mini komai. Na tsani wannan shirun fiye da zagi.

Ƙanen Baba shi ne na ƙarshe. Ya zo yana dogara sanda, ƙafafunsa sun kumbura har ba ya iya sa takalmi. Ya zauna a zaure ya daɗe yana numfashi.

"Ɗana, ni na kama maka ƙyauren nan."

"Haka ne, Baba."

"Ban zo don kaina ba. Jikokina ne."

Na gaya masa maganar mabuɗi. Ya gyaɗa kai ya ce ya ji, Allah ya kai mu damina. Na riƙe shi ya miƙe. Hannunsa a nawa ba nauyi ko kaɗan. Da ya fita na zauna a wurin da ya tashi, na ji na tsani kaina, na tsani kiryar, amma na ce a raina saura kaɗan, gabas ta fara yin duhu da yamma, in na daure gonar Baba ta tsira kuma baɗi kowa zai ci.

Ruwa bai zo ba. Rumbunmu ya ƙare, aka share gindinsa da tsintsiya aka dama abin da aka samu. Maiɗakina ba ta taɓa ce mini in buɗe ba, ko sau ɗaya, sai dai ta daina kallon fuskata. Yarinyar ta yi ta kuka, ni kuma in gudu lambu in zauna a jikin ƙyauren. Sai wata safiya na dawo gida na ji tsit. Na shiga da sauri. Tana kwance a cinyar uwarta, idonta biyu, ƙuda na sauka a gefen bakinta ba ta kora. Kukan da nake gudu, ashe shi ne alamar tana da sauran ƙarfi.

Inna ta fito daga ɗakinta da fartanya a hannu. Tsohuwar da sai an riƙe ta take zuwa bayan gida, ta wuce ni ta nufi hanyar gulbi. Na bi ta ina cewa Inna ina za ki, Inna ba mabuɗi. Haka na bi ta har lambu. Ba ta ko kalli ƙyauren ba. Ta zagaya bayan ɗakin, ta ɗaga fartanyar ta kai wa bangon sara. Ƙasa ta ɗan zubo.

"Ƙyaurenka kirya ne," ta ce, tana haki. "Bangon mi ne?"

Laka ce, mana. Kowa a garin ya san laka ce. Duk wanda ya zo ya zauna a zaurena ya roƙa, yana da fartanya a gidansa, kuma ya san bangon nan ba zai ɗauke shi lokacin shan fura ba. Ba kubata ce ta tsare irin ba. Abin da ke hana su ɗage ƙayar wani shi ya hana su, suka koma gida suna kallon 'ya'yansu.

Na karɓi fartanyar daga hannunta. Ban daɗe ba na huda ramin da zan iya shiga da rarrafe. Ciki da sanyi, da ƙamshin gero. Damman suna nan yadda na jingine su, ko ɓera bai taɓa ba. Na jawo ɗaya na miƙa wa Inna ta rungume ta juya gida.

Da na fito da kaina daga ramin, matan da suka je tonon ruwa suna tsaye a kan hanya da tuluna. Ba su matso ba. Ɗaya ta sauke tulunta ta zauna, sauran ma suka zauna. Can sai ga maza, sai ga yara, sai ga ƙanen Baba an riƙo shi. Duk suka zazzauna a ƙasa nesa kaɗan. Yanzu ba mabuɗi a tsakaninmu, ba Bafillace. Na duba ko zan ga wanda zan iya ce wa a'a, ban gani ba.

Na koma cikin ramin na riƙa turo damman waje. Ba su da yawa, wallahi ba su da yawa, da aka kwance aka rarraba kowa 'yan zangarniyoyi ya samu. Na ga wasu suna leƙa ramin suna neman dawar da aka ce na ɓoye. Wata mata ta ce, "Ashe iyakarsa ke nan?" A tsakar rana aka ji turame suna amsawa a garin, abin da aka daɗe ba a ji ba. Na ɓoye 'yan zangarniyoyi a cikin riga, na ce ko kusurwa ɗaya ta gonar in shuka. Su ma kunu suka zama kafin sati ya zagayo, kuma ni na miƙa su.

Yarinyar ta tashi. Ranar da ta sake yin kuka, maiɗakina ta yi dariya tana hawaye. Wannan kaɗai na samu, kuma ba na raina shi. Ƙanen Baba bai kai damina ba. Gaisuwa ta dawo a masallaci, amma ba wanda ke da ƙwaya ɗaya da zai mayar mini, ban kuma tambaya ba.

Sai ruwa ya sauka, ruwa na gaske, irin wanda ke cika kwari ya jiƙa ƙasa har ƙasa. Da gari ya waye maigari ya aiko a kira ni. Ya yi mini magana mai daɗi, ya ce garin ba zai manta ba, sannan ya tambaye ni ko ina da abin shukawa. Na ce babu. Ya ce to, ƙasa ba ta jira, za a ba da aron gonar bana, baɗi sai a gani. Na tambaya wa za a ba. Maƙwabcin nan nawa na lambu ne, mai ce mini sarkin ƙofa. Irinsa yana nan cif, duk tsawon yunwar yana bayan ruɓaɓɓiyar tufaniyar nan, taku kaɗan daga ƙyaurena, ba wanda ya taɓa tunanin ya roƙe shi.

Na fito ban san inda zan nufa ba, ƙafata ta kai ni lambu. Ina zaune a dokin ƙofa sai na hango mutum yana tahowa ta hanyar Tsafe, sanda a kafaɗa, laka har gwiwa. Abokina ne. Ya rame har sai da ya matso na tabbatar. Ya ce shanunsu fiye da rabi sun mutu, sauran ya bar wa ƙanensa a can, da ya ga hadari ya haɗu ya taho shi kaɗai don kada in rasa ranar shuka. Yana magana yana zaro igiyar daga wuyansa.

"Kaɗo, ga amanarka. Ban makara ba ko?"

Na ce bai makara ba.

Ya ga ban miƙa hannu ba, sai ya sa mabuɗin da kansa. Kubar ta buɗe ba gardama. Ya tura ƙyauren da yatsa, ya tafi sumul a kan turminsa yadda na yi shi ya tafi. Ɗakin da ya kamata ya yi duhu sai ga haske a ciki, yana shigowa ta ramin baya ya kwanta a ƙasa, ba komai sai ƙaiƙayi da tsohuwar guga. Ya tsaya. Sannan ya durƙusa ya leƙa ta ramin. Daga nan ana hango tudu sosai. Maƙwabcina yana gaba da sungumi yana sara, 'ya'yansa na biye suna jefa iri suna takewa da diddige, sun riga sun wuce tsamiyar da Baba ke hutawa a gindinta.

Ya daɗe a durƙushe. Can ya miƙe. Ya jawo ƙyauren ya rufe, ya murɗa kubar, ya kama hannuna ya sa mini mabuɗin a ciki.